Jin cewa sa'o'inka sun wuce ka a rayuwa: me zaman ƙwararre ke iya yi a kai?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum malamai. Tambayata a kan wani hali ne da ya yawaita amma ba a cika ɗaukarsa a matsayin ciwo ba. Mutum yana da lafiyarsa, wataƙila ma yana da aikin yi, amma kullum zuciyarsa tana raya masa cewa sa'o'insa sun yi masa nisa. Wane ya gama karatu, wance ta yi aure, wancan ya mallaki gida, shi kuwa yana nan inda aka bar shi. Abin ya ɗauki shekaru. Ko ya samu wani ci gaba, daɗin bai wuce 'yan kwanaki, sai lissafin ya dawo sabo. Ya fara gudun taro, ya daina ɗaga wayar tsofaffin abokai, da dare kuma ba barci sai ƙirgen shekaru.

Wannan ciwo ne ko hali? Idan aka je wurin masanin halayyar ɗan'adam, me ake yi a cikin ɗakin, zama nawa ake yi, kuma ta yaya magana za ta gyara abin da mutum ke gani da idonsa? Domin wani lokaci da gaske an wuce shi. Don Allah ba lallashi nake nema ba irin na "kowa da lokacinsa". Bayani nake so dalla-dalla.

Malama Mai Sauraro:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan ka buɗe manyan kundaye biyu da ake amfani da su wajen tantance cututtukan ƙwaƙwalwa, DSM-5 da ICD-11, ba za ka ga ciwo mai wannan suna ba. Sau da yawa shi ne fuskar da ciwon damuwa ko ciwon fargaba ke nunawa, wani lokaci kuma yana zaune shi kaɗai yana cin mutum a hankali. Ana iya maganinsa ne saboda aiki ne da ƙwaƙwalwa ke maimaitawa kowace rana, kuma aikin yana da sassa uku da za a iya kama kowanne daban: kwatance, saƙe-saƙe, da gudu.

Tun 1954 masanin halayyar ɗan'adam Leon Festinger ya bayyana cewa idan mutum ba shi da tsayayyen ma'aunin da zai auna kansa, sai ya auna da mutane, kuma ya fi zaɓar waɗanda suka yi kama da shi. Shi ya sa dukiyar attajirin da ba ka taɓa gani ba ba ta hana ka barci, amma ƙarin girman da aka yi wa wanda kuka zauna aji ɗaya yana hanawa. A shekarun 1960 kuma wata masaniyar halayya, Bernice Neugarten, ta nuna cewa kowace al'umma tana da jadawalin da ba a rubuce yake ba, na shekarun da ya kamata a gama karatu, a yi aure, a haihu, a tsaya da ƙafa, kuma da shi mutane ke yanke wa kansu hukuncin ko sun zo a kan kari ko sun makara. Inda abin ke lalacewa shi ne wurin zaɓar abin kwatancen. Mai wannan hali ba ya auna kansa da mutum guda. Yakan ɗauko auren wane, ya haɗa da albashin wance, ya ɗora gidan wancan da digirin wani, ya ƙera mutumin da babu shi a duniya, sannan ya tsaya kusa da shi ya ga ya gaza. Ga shi kuma labarin nasara ne ke yawo. Wanda aka sallama daga aiki da wanda bashi ya yi wa katutu ba sa sanarwa.

A cikin ɗakin, hanyar da aka fi gwadawa ita ce ta gyaran tunani da ɗabi'a, wadda aka sani da CBT, da ta samo asali daga aikin likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck a shekarun 1960. Zama ɗaya kan ɗauki minti 50 zuwa awa ɗaya, sau ɗaya a mako, yawanci zama 8 zuwa 16, ya kai 20 idan abin ya daɗe ko ya haɗu da ciwon damuwa. Zaman farko na tambayoyi ne: yaushe ya fara, me ya canza a lokacin, barci, ci, aiki, shaye-shaye, da ko an taɓa tunanin cutar da kai.

Makon farko ba a gyara komai, rubutu kawai ake yi. Duk sanda jin ya taso, mutum ya rubuta abu biyar: lokaci, abin da ya tayar da shi, ainihin maganar da ta faɗo masa a rai, ƙarfin ɓacin ran daga 0 zuwa 100, da abin da ya yi bayan nan. A rubuta cikin awa guda da faruwarsa. Idan aka bari sai dare, taƙaitawa mutum zai yi, taƙaitawar kuwa kullum ita ce "rayuwata ta lalace", wadda ba a iya yin komai da ita. Bayan kwana bakwai sai a ga abin da ake zaton yana nan dare da rana ashe ta ƙofofi uku ko huɗu yake shigowa: duba waya kafin barci, kiran wani ɗan'uwa mai yawan tambaya, katin gayyata, yammacin ranar hutu.

Daga nan sai a matse maganar "na makara" har ta fito da lamba. A wane fanni? Da wa? Zuwa wace rana? Wa ya sa ranar? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi. Mutane da yawa kan gano cewa "kafin shekara 30" magana ce da suka ji tun suna yara, ko shekarun da iyayensu suka yi wani abu a wani zamani mai tattalin arziki daban. Sai kuma a bi maganar ƙasa. Ƙwararren zai ce, "A ce gaskiya ne ka makara, me hakan ke nufi a kanka?" Duk amsar da aka bayar, ya sake yin tambayar a kanta. Kafin sau uku ko huɗu akan isa gindin: "ni ba komai ba ne", ko "ba wanda zai mutunta ni". Wannan shi ke ciwo, kuma a kansa ake aiki.

Akwai aikin da nake ganin ya fi kowanne buɗe ido. A ɗauki rukuni guda, a ce 'yan aji 20 ko 30, a jera sunayensu bisa jerin haruffa ko daga tsohon hoto, kada a bi waɗanda suka fara faɗowa a rai, domin waɗanda suka fi haske su ke fara faɗowa. A gaban kowane suna a rubuta abin da aka sani tabbas game da aikinsa, lafiyarsa, iyalinsa da bashinsa. Galibi za a tarar ana da cikakken labarin mutum huɗu ko biyar ne kawai, kuma da su ake ta auna kai. Amma a kula, manufar ba ita ce a nemo waɗanda aka fi a ji sanyi ba. Wannan sanyin ba ya daɗewa, kuma yana ƙara ƙarfafa ɗabi'ar jera mutane a sahu.

Saƙe-saƙe shi ne tufka da warwarar da mutum ke zaton nazari yake yi. Masanin halayya Edward Watkins a Ingila ya gina hanyar jinya guda a kan bambancin tambaya iri biyu. "Me ya sa ni kullum haka?" ba ta da ƙarshe. "Ta yaya zan aika takardar neman aiki ɗaya kafin Alhamis?" tana da amsa. Ana koya wa mutum ya kama kansa: idan ya yi minti biyu yana juya abu, ya tambayi kansa ko ya matsa kusa da mafita ko ya fahimci wani sabon abu. Idan babu, ya miƙe ya kama aikin da ke buƙatar hannu da ido. Sauran damuwar a rubuta a ajiye wa lokacinta, minti 15 zuwa 20 a ƙayyadadden lokaci kullum, a zaune a kujera, nesa da lokacin barci da aƙalla awa biyu. Masu yin sa a kan gado su ne ke dawowa su ce ya ƙara musu rashin barci.

Gudu kuwa da gwaji ake karya shi. Kafin taron da ake tsoro, mutum ya rubuta hasashensa: mutum nawa za su tambaye shi "har yanzu?", kunyar za ta kai nawa cikin 100, zai iya minti nawa. Ya shirya amsa gajeriya mai gaskiya, ya je ya yi minti 45, ya dawo ya rubuta abin da ya faru. Ba a cewa ba za a tambaye shi ba, za a iya tambaya. Abin da yake koya shi ne tambayar tana zuwa ta wuce kuma yana nan da ransa.

Abin da ya fi ɓata wannan hanya shi ne a mayar da ita kirarin kai, a cire "na makara" a sa "ni gwarzo ne". Zuciya ba ta yarda da abin da ta san ba ta da hujjarsa. Maganar da za ta maye gurbi dole ta zama wadda mutum ya yarda da ita da gaske, ko da ba ta da daɗin ji.

Likitan Ƙwaƙwalwa:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa. Abin da zan ƙara, kafin a ɗauki biro a tabbatar ba wani ciwo ne kwance a ƙasa ba, domin alamomin da mai tambaya ya lissafa, rashin barci, janye jiki daga mutane, daɗin da ba ya zama, suna sa likita ya buɗe kunne.

Akwai takardar tambayoyi tara mai suna PHQ-9 da ke duba makonni biyun da suka wuce. Kowace tambaya maki 0 zuwa 3, jimilla 27. Daga 5 zuwa 9 damuwa mai sauƙi, 10 zuwa 14 matsakaiciya, 15 zuwa 19 ta fara tsanani, 20 zuwa sama mai tsanani. Ta fargaba ita ce GAD-7, tambayoyi bakwai, jimilla 21, kuma daga 10 ake ɗaukar abin da muhimmanci. Waɗannan na tacewa ne, ba su ke yanke hukunci ba. Amma tambaya ta tara a PHQ-9, wadda ke kan tunanin gara mutuwa ko cutar da kai, duk wanda bai ba ta 0 ba a yi magana da shi a ranar. Idan har ya tsara yadda zai yi, ba maganar jiran mako mai zuwa, asibiti za a kai shi kuma kada a bar shi shi kaɗai. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta dasa masa tunanin. Rashin tambayar ne ke da haɗari.

Babban ciwon damuwa ana tabbatar da shi da alamomi biyar cikin tara na aƙalla mako biyu, kuma dole ɗaya ta zama ƙuncin rai ko rasa sha'awar abin da aka saba so. Amma wanda ya fi kama da bayaninka, Malam, shi ne mai ɗorewa, wanda ba ya kwantar da mutum amma yana tare da shi shekara biyu ko fiye. Irin wannan shi ake cewa "ai haka halinsa yake", mai shi ma ya yarda, a yi shekara goma ba a nemi magani ba.

Jiki ma a duba shi: ƙarancin jini, raunin aikin tayirod (ƙullun da ke gaban wuya), ƙarancin bitamin B12, sarƙewar numfashi cikin barci ga mai munshari da yawan gyangyaɗi da rana, giya da ƙwayoyi. Sai abu biyu da ake yawan tsallakewa. Na farko matsalar rashin tattara hankali, ADHD, wadda alamunta kan fara kafin shekara 12. Mai ita zai nuna maka karatu uku da ya fara bai gama ba da ayyukan da ya rasa saboda makara, kuma gyaran tunani kaɗai ba zai taɓa tushen ba. Na biyu a tambaya ko an taɓa yin kwana huɗu ko fiye ana barci kaɗan amma ƙarfi ya yi yawa, ga surutu, ga kashe kuɗi ba lissafi. Idan akwai wannan, maganin damuwa shi kaɗai zai iya tunzura mutum ya faɗa cikin zumuɗin da ya wuce kima, don haka sai likitan ƙwaƙwalwa ya gani.

Ba a ba da ƙwaya don jin "an wuce ni" kawai. Idan damuwar mai sauƙi ce, da zaman tattaunawa ake farawa. Idan ta yi tsanani, haɗa zaman da magani ya fi. Magunguna irin su fluoxetine da sertraline kan fara da illa kafin amfani: tashin zuciya, ciwon kai, rashin natsuwa a mako na farko ko na biyu, wasu kuma raguwar sha'awar jima'i, wadda ya kamata a faɗa wa likita ba tare da kunya ba. Sauƙi kan fara bayyana tsakanin mako 2 zuwa 4, a sake dubawa a mako 4 zuwa 6. Bayan an samu sauƙi a ci gaba aƙalla wata 6, kuma a sauka a hankali da sanin likita, domin yankewa farat ɗaya kan kawo jiri, fushi da rashin barci. 'Yan ƙasa da shekara 25 a sa musu ido sosai a makonnin farko. Diazepam da danginsa, magungunan kwantar da hankali da sa barci, ba maganin wannan ba ne, jiki kan saba da su cikin 'yan makonni.

Wani abu kuma da ke damuna: mai ciwon damuwa ƙwaƙwalwarsa ta fi saurin tuno masa faɗuwa fiye da nasara, saboda haka lissafin da yake yi wa rayuwarsa a karkace yake. Muddin makinsa na sama, a jinkirta manyan hukunce-hukunce, barin aiki, rabuwar aure, auren gaggawa don a cim ma sa'o'i, ko cin bashi don a nuna an kai.

Tsohon Hannu:

Ban saɓa da malamaina ba, amma akwai gefen tambayar da ba a taɓa sosai ba, inda ya ce wani lokaci da gaske an wuce mutum. Haka ne. Wani jinya ta cinye masa shekaru, wata ta zauna kula da iyaye, wani yaƙi ya raba shi da makaranta, wani gidan yari, wasu rashin haihuwa. Idan mai irin wannan ya ce "na rasa shekara takwas", ƙwararre kuma ya fara neman kuskure a tunaninsa, zai ji ba a saurare shi ba, kuma ba zai dawo zama na uku ba. Yana da gaskiya kuwa.

A nan sai a raba burikan kashi uku a rubuce. Abin da har yanzu ana iya samu yadda ake so. Abin da ana iya samu amma da wata siffa, kamar karatun yamma ko na intanet maimakon na cikakken lokaci. Da abin da ƙofarsa ta rufe. Kashi na uku makoki yake buƙata, a kira shi da sunansa, a yi baƙin cikinsa, kamar yadda ake yi wa kowane rashi. Mutane da yawa suna fama da saƙe-saƙe ne domin ba wanda ya taɓa ba su izinin cewa "wannan ya wuce, kuma ya yi mini ciwo". Binciken Carsten Wrosch da Michael Scheier da abokan aikinsu a 2003 ya nuna cewa masu iya sakin burin da ba zai samu ba, su kuma kama wani sabo, sun fi samun walwala. Sakin da kamawar tare suke tafiya. Wanda ya saki bai kama komai ba yana iya zama cikin fanko.

Hanyar ACT ta masanin halayya Steven Hayes, wato jinyar karɓar tunani yadda ya zo tare da dagewa kan abin da ke da muhimmanci ga mutum, ta dace da wannan wuri, domin ba ta gardama da tunani. Tun 1987 gwajin Daniel Wegner ya nuna cewa wanda aka hana tuna wani abu ya fi tuna shi daga baya. Saboda haka maimakon kore shi, mutum ya ce a ransa, "Ga tunanin nan na cewa na makara ya zo," ya ci gaba da abin da ke hannunsa. Kamar ƙaramin abu ne, amma yana sa tazara tsakanin mutum da maganar. Sannan a tono abin da ke ƙarƙashin kowane buri. Gidan da ake so, don me? Idan amsar kwanciyar hankalin iyali ce, to akwai abin da za a iya yi mata a wannan makon tun kafin a sa tubali ɗaya. Idan kuwa amsar ita ce "don kada a raina ni", an gano cewa burin na masu kallo ne, sai mutum ya yanke ko yana son ya ci gaba da biya masa.

Ni dai a ganina abin da ke fitar da mutum shi ne motsi, kuma akwai hujja. A 2016 an wallafa sakamakon wani gwaji a Ingila kan manya 440 masu ciwon damuwa, aka ga hanyar farfaɗo da ayyuka, wadda ƙananan ma'aikatan lafiya suka gudanar, ba ta gaza CBT ba bayan wata 12. Yadda ake yi: mako guda ana rubuta abin da aka yi kowace awa, a ba shi maki 0 zuwa 10 na daɗi da na muhimmanci. Daga nan a zaɓi ayyuka biyu ko uku kacal na mako mai zuwa, kowanne da rana da awa da wuri, kuma kada ya wuce minti 15 zuwa 20 a farko. "Zan koma karatu" ba shiri ba ne. "Ranar Talata ƙarfe huɗu zan kira ofishin makaranta in tambayi takardun da ake buƙata" shi ne shiri. A yi shi ko ana jin yi ko ba a ji, domin ga mai damuwa kuzari bayan aiki yake zuwa.

Ramin da kusan kowa ke faɗawa shi ne tseren fanshe lokaci. Da an ji ɗan sauƙi sai a tsara tashi ƙarfe huɗu, kwas biyu, motsa jiki kullum, sana'ar gefe, a ce za a biya shekara biyar cikin wata uku. Kafin mako na uku jiki ya ƙi, shirin ya rushe, rushewar kuma ta zama sabuwar hujjar "ai na faɗa ba ni da amfani". Aikin ƙwararre a nan shi ne ya rage shirin, ko da mai shi zai ji haushi.

Akwai kuma wanda zai ce maka, "Na gane a kai, amma zuciyata ba ta ji." Yawanci kunya ce da zagin kai suka yi masa yawa. Saboda masu irin wannan hali ne masanin halayya Paul Gilbert ya tsara jinyar da ta dogara kan tausayin kai, bayan ya lura cewa wasu na faɗa wa kansu magana mai kyau amma da murya mai tsawa. Ana fara da rage numfashi zuwa kamar sau biyar ko shida a minti na 'yan mintoci, sannan a maimaita maganar da muryar da za a yi wa ƙanin da ake ƙauna. Masu tsoron cewa sassauci zai sa su lalaci su duba shekarun da suka yi suna zagin kansu, su ga ko zagin ya matsar da su.

Mai Neman Sani:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura biyu. Ta yaya mutum zai gane ƙwararren da ya dace, kuma ya gane aikin na tafiya ko ɓata lokaci yake yi? Sannan idan babu ƙwararre a kusa fa, kuma waya ce babbar ƙofar da abin ke shigowa?

Malama Mai Sauraro:

Amin, ɗan'uwa. Tun a zaman farko a tambaye shi ba kunya: me ya karanta, wace hukuma ta ba shi lasisi, wace hanya yake bi, zama nawa yake hasashe, da me zai auna ci gaba, kuma a wane hali ne zai iya fitar da sirri. Amsar wannan ta ƙarshe yawanci ita ce idan akwai haɗari ga rai, naka ko na wani, ko doka ta tilasta. Wanda ya ji haushin tambayoyin nan, ko ya yi alkawarin warkewa cikin kwanaki, ko ya fara neman wata alaƙa ta kasuwanci ko ta soyayya, a bar shi. Zuwa zama na uku ya kamata a ce kun amince kan manufa biyu ko uku da za a iya gani da ido, kuma kowane zama yana ƙarewa da aikin da za a yi a gida, na gaba kuma ya fara da dubansa. Idan makonni suna wucewa ana ba da labarin mako kawai, za a ji sauƙin awa guda amma ɗabi'ar tana nan.

A cika PHQ-9 duk mako ɗaya ko biyu. Saukar maki 5 canji ne na gaske, saukar rabi na nufin jinyar ta karɓa, ƙasa da 5 kuma alamomin sun kwanta. Idan an kai zama 6 zuwa 8 ba motsi, a faɗa masa a fili, a sake duba abin da Likita ya lissafa, a canza hanya ko a canza mutum. Kada kuma a jira tunanin ya ɓace, ba ya ɓacewa gaba ɗaya. Abin da ke canzawa shi ne tsawonsa da ikonsa: labarin ƙarin girman aboki da kan cinye wuni guda ya koma ɓacin ran minti ashirin, har a iya kiransa a taya shi murna.

Game da waya, a 2018 an yi gwaji a Jami'ar Pensilvaniya ta Amurka da ɗalibai 143. Waɗanda aka taƙaita wa Facebook, Instagram da Snapchat zuwa minti 10 kowanne a rana na mako uku sun samu raguwar kaɗaici da alamun damuwa idan aka kwatanta da waɗanda suka ci gaba yadda suka saba. Ɗalibai ne kuma gajeren lokaci ne, amma gwajin ba shi da wahalar yi. A sa iyakar minti 30 a saitin wayar, a ɓoye shafukan mutane biyar ko goma da takardar makon farko ta nuna su ke tayar da abin, wayar kuma ta kwana nesa da gado. Lokacin da aka ƙwato a sa masa aiki tun kafin a fara, in ba haka ba saƙe-saƙe ne zai cika gurbin.

Inda babu ƙwararre, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai suna PM+ a 2016, zama biyar na minti 90, wanda ma'aikatan da ba ƙwararru ba ke bayarwa bayan horo, kuma ya ƙunshi numfashi, warware matsala mataki-mataki, farfaɗo da ayyuka da neman tallafin mutane. A tambaya a cibiyar lafiya ko akwai mai wannan horo. Zaman bidiyo da ƙwararre mai lasisi ma yana aiki. Wanda makinsa bai kai 10 ba zai iya fara rubutun makon farko da jadawalin ayyuka da kansa, ya samu amintacce guda da za su riƙa dubawa tare duk mako.

Idan an zo ƙarshe, ana ware zaman zuwa mako biyu-biyu, sannan wata-wata, a rubuta shafi ɗaya na alamun dawowarsa da ranakun da aka san zai taso: ranar haihuwa, sabuwar shekara, bikin ƙani, taron tsofaffin ɗalibai. A gaban kowace rana a rubuta abin da za a yi da wanda za a kira. Idan makin ya koma 10 ko sama kuma ya zauna a nan mako biyu a jere, a nemi zama ɗaya ko biyu na tunatarwa tun kafin gudun taro ya dawo.